Wadda Ta Riga Su Dawowa

A shekarun da kuɗin man fetur ya malalo ƙasar nan, Wudil ta kamu da ciwon gini. Duk inda ka waiga bulo ne da siminti, manyan motoci na ratsa gada ba ƙaƙƙautawa, samarin da suka sami aiki a Kano suna dawowa ran kasuwa a kan sababbin babura, kowa da rediyo mai cin kaset a kafaɗa. Cikin wannan zumuɗi ne ƙungiyar ci gaban garinmu ta gina ɗaki a gefen filin ƙwallo, wai a adana tarihin 'yan wasa: 'yan kokawa, 'yan dambe, 'yan ƙwallo, da duk wanda ya taɓa fitar da garin kunya a fage. Ɗakin nan yanzu babu shi. Ya zama ma'ajiyar takin zamani, daga baya iska ta yaye kwanonsa, gara ta ci wasu hotunan, masu dangi suka kwashe sauran. Amma a lokacin da nake magana sabo ne fil, yana ta warin fenti.

Ni kaɗai ce mace a kwamitin da aka ɗora wa aikin. Ba wai don suna ganin na san wasa ba ne. Ina koyarwa a makarantar firamare, kuma ana so in baƙi sun zo daga Kano a ce musu ai har da mace a ciki. Bayan la'asar ake zama a gindin wata darbejiya, su a kan benci, ni a kan kujera can gefe, kamar wadda ta zo sauraron shari'ar wani.

Zaman farko-farko abin dariya ne. Duk wanda ya zo, kakansa ne bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba. Wani ma rantsuwa ya yi cewa kakansa ya taɓa maka mutum da ƙasa har sai da aka haƙo shi da fartanya. Da abin ya yi yawa, shugaban kwamiti, wani dattijo da ya yi kokawa a ƙuruciyarsa, ya kafa doka: ko a kawo hoto, ko a kawo wanda ya gani da idonsa ya faɗa da bakinsa, a ɗauka a kaset. Ban da ji-ta-ji-ta. Doka ce mai kyau, har ni na ɗaga hannu na amince.

Wata rana da aka gama maganar 'yan dambe, sai na ce, “Ranka ya daɗe, tseren gora fa?”

Sakatarenmu, wani saurayi mai wando mai faɗin ƙafa da suma kamar kwando, ya cire biro daga bakinsa ya ce, “Malama, wane tseren gora kuma?”

Haifaffen Wudil ne fa, da ruwan kogin nan aka yi masa wankan farko. Raina ya ɓaci. Amma da na dubi fuskokin sauran sai na ga su ma ba su sani ba, ko kuma sun sani sama-sama, yadda namiji kan ji ana daka a cikin gida bai san wa ke riƙe da taɓarya ba.

Ga yadda abin yake. A unguwarmu ta masunta, in damina ta ja baya, kogi na cike amma ya daina fushi, 'yan mata kan ɗauki manyan gorunan iyayensu, irin waɗanda masunta ke hawa su bi kifi, su taru a mashayar mata. Kowacce ta ɗaure zane tamau a ƙirji, ta kifa a kan goranta, ta yi tuƙi da hannu da ƙafa har wancan ƙetare. A can sai ta karyo kan dawa guda a gonar da ke bakin gaɓa, ta riƙe shi a baki, ta juyo. Wadda ta riga dawowa, tsohuwar unguwa ce ke sa mata lalle da hannunta, kuma har shekara ta zagayo ba mai sa ta wanke-wanke a gidan biki. Maza ba sa zuwa. Ran nan ko yaro mai ɗan wayo aka hango kusa da mashaya sai ya sha jifa. Shi ya sa abin bai taɓa shiga bakin makaɗa ba, ba kirari, ba take, balle hoto. Da aka datse kogin can sama, ruwa ya ja, yashi ya fito har tsakiya, tseren ya mutu ba wanda ya yi masa zaman makoki.

Yayata ce gwanar wannan tsere. Shekara bayan shekara ita ke riga kowa, har ta yi aure. Haka na taso ina ji a bakin kakarmu. Ni ban gani ba, ina ƙarama ƙwarai. Abin da na riƙe kawai shi ne sanyin bayanta in ta goya ni bayan ta fito daga ruwa, da yadda takan hura mini iska a kunne in na yi rigima. Ta auri wani mai fito da take so, ta rasu wajen haihuwar fari, ita da abin da ta haifa, ina farkon shiga makaranta. Ba ta bar hoto ba, ba ta bar ɗa ba, kabarinta ma ba mai iya nuna shi yanzu. Na san in ba a sa ta a ɗakin nan ba, ranar da muka ƙare, mu 'yan tsirarun da muka san ta, ta shafe ke nan kamar ba a yi ta ba. Wannan tunanin ya hana ni sakat.

Shugaba ya saurare ni har na gama, ya ce, “To Malama, doka dai ɗaya ce. Kawo mana wadda ta gani.” Aka ba ni rakodar ƙungiya da sabon kaset, sakatare na ta jaddada mini kada in bar batir a ciki ya zube.

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Kakarmu ta rasu, tsohuwar da ke sa lalle ma haka, amma sa'o'in Yaya suna nan da ransu, aure ne ya watsa su ƙauyuka. Maigidana malamin gona ne, dama yana zagaya ƙauyukan nan a kan babur, sai ya riƙa ɗaukata ran Asabar yana sauke ni a ƙofar gida, shi ya wuce wajen manomansa. Ina rungume da rakoda a cikin mayafi kamar jaririya, kowane rami muka faɗa sai na ce wayyo kayan mutane.

A Utai na sami wata da ta sha zuwa ta biyu a bayan Yaya. Ta zama uwargida mai jiki, har ta aurar da 'ya. Ina ambatar gidanmu ta rungume ni tana hawaye, ta ce, “Ke ce 'yar mitsitsiyar nan mai majina da ake goyawa?” Ta zaunar da ni, ta dama mini fura, ta shiga zuba labari, tana kwaikwayon tuƙi da hannuwa har ɗankwalinta ya zame. Na ce a raina aiki ya yi kyau. Da na jawo rakoda na ce ta maimaita, sai ta kame.

Ta ce, “Wa zai ji?”

Na ce, “Mutanen gari. A ɗakin tarihi za a ajiye.”

“Maza?”

“Har da su.”

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce, “Haba ƙanwata. Ina da suruki mai gemu. A ji muryata a lasifika ina cewa na shiga ruwa da ɗaurin ƙirji? Rufa mini asiri, Allah ya rufa miki.”

Ta ƙauyen Indabo cewa ta yi ita tun da take ba ta taɓa iya ruwa ba, alhali duk unguwarmu an san ta da nutso. Ta Achika ta yarda, ta ce dai in bari ta shaida wa maigidanta, in dawo. Da na koma aka ce ta tafi gaisuwar mutuwa. Ga takalmanta kuwa a ƙofar ɗaki, ga labule na motsi. Na gaishe da labulen na juyo. A hanyar dawowa muka bi ta kan gada, na leƙa ƙasa, na ga yara maza suna buga ƙwallo a kan yashi daidai inda ake cewa ruwa ya fi zurfi a da. Haushi ya cika ni, na rasa wa zan ɗora wa.

Maigidana ne ya ce, “To, Inna fa?”

Na yi dariyar takaici, don ya san amsar. Yaya ce 'yar farin Inna, mahaifiyarmu. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi. Kunya ce, haka aka gada. Mata da yawa sama-sama suke yi, su laƙaba wa yaron wani suna su huta. Inna kuwa ta riƙe abin da haƙori. Tun da aka yaye Yaya aka mai da ita ɗakin Kaka. Gida ɗaya, tsakar gida ɗaya, amma in Inna za ta aike ta sai ta dubi bango ta ce, “A zo a kai kifin nan bakin titi.” In ta kama dole, sai ta ce waccan, ko yarinyar Kaka.

Ranar da Yaya ta rasu ina tsaye a bakin rumbu ina kallo. Mata na shigowa gaisuwa, Inna na nuna musu ɗakin Kaka tana cewa, “Mai 'yar tana ciki.” Sannan ta koma ta ci gaba da hura wuta don a dafa wa baƙi abinci. Kowa ya yaba, aka ce ga mace mai kunya, irinsu sun ƙare. Ni kuwa, da ƙanƙantata, ran nan na ji na tsane ta, kuma ba zan ce tsanar ta tafi duka ba ko da na girma. Da na haifi nawa ɗan farin, gatsal nake kiran sunansa, in ɗaga shi sama a gaban kowa, Inna na cewa boko ya cinye mini kunya. Da gayya nake yi. Kuma na sakankance ko sau ɗaya ba ta taɓa zuwa kallon tseren nan ba, to me za ta shaida?

Duk da haka na je, don ba ni da sauran ƙofar da zan buga. Babanmu ya riga ya rasu, Inna na zaune a tsohon gidanmu tare da wana da matarsa, tana sana'arta ta suyar kifi, ana kai wa matafiya a bakin titi. Da hantsi na same ta a tsakar gida tana kankare ɓawon kifi a kan faifai. Na durƙusa na gaishe ta, ta tambayi maigida, ta tambayi yara, ta tambayi makaranta da gajiyar hanya. Sannan na ɗora rakoda a kan turmi.

Ta ce, “Wannan kuma na mene ne?”

Na ce, “Inna, magana nake so ki yi a ciki. Maganar tseren gora.”

“Ku dai 'yan boko ba kwa rasa abin yi.”

“Ana so a san waɗanda suka yi ne. Kin san dai wadda nake nufi.”

Ta ci gaba da kankararta. Na gaya mata na je Utai, na je Indabo, na je Achika, kowacce ta ƙi. Na gaya mata dokar kwamiti, na ce in ba a sami wadda ta gani ba, ba za a sa kowa ba. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Sai zuciya ta ɗebe ni, na faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa. Na ce, “Ke kika haife ta, Inna, ba Kaka ba. Tana raye ba ki kira ta ba, ta mutu kin ce a je a gaishe da wata, yanzu ko a cikin akwatin maganar nan ma ba za ki ce ta taɓa yin wani abu a duniya ba?”

Matar wana ta saki tsintsiya ta shige ɗaki. Na sunkuyar da kai ina jiran mari, da aurena da komai. Inna ta ajiye wuƙa, ta ɗauraye hannunta, ta goge a gefen zane, ta ce, “Kunna abin naki.”

Na danna. Ta kalli kaset na juyawa, sai ta fara. Ban taɓa jin Inna ta yi doguwar magana irin ta ran nan ba. Ta kira 'yan matan ɗaya bayan ɗaya, da sunan yanka da na wasa, da sunan uwar kowacce. Ta faɗi wadda goranta ke da tsaga aka liƙe da danƙo, da wadda ke tsoron gurbin da ke gindin tsamiya, da wadda kullum sai ta cinye rabin dawar kafin ta iso. Har dariya ta yi.

Ta ce, “Ta Utai ɗin nan da kika je wa, ƙarfi gare ta kamar namiji, sai dai gaggawa. Miƙewa take sak, tana faɗa da ruwa, kafin ta kai tsakiya ta gaji. Akwai wata kuwa, ita ba ta faɗa da shi. Takan bar su su yi gaba, har a ce an bar ta, ta bi ruwan a karkace, shi da kansa ya kai ta inda dawar take. In za ta dawo ba ta ɗaga kai. Kan dawar kawai za ka gani yana tahowa a kan ruwa. Kafin su juyo ta taka yashi, tana matse zane.”

Na riƙe numfashina, ina tsoron ko tari in yi ta tsaya.

Ta ce, “Wata shekara gora ya fashe mata a tsakiya. Mata suka sa salati. Ta sake shi ta nutse. Shiru, shiru, har na...” Ta tsaya, ta kori ƙuda daga kan kifin. “Har mutane suka miƙe tsaye. Sai ga ta ta ɓullo can ƙasa, dawar na bakinta ba ta saki ba. Ran nan ma ita ta riga su.”

Na ce a hankali, “Inna, wace ce?”

“Wata ce.”

“Sunanta fa?”

“Na gaya miki wata ce, 'yar unguwar nan.”

“To a ina kike tsaye kika ga duk wannan?”

“Wa ya ce miki a tsaye nake? Wanki nake yi, can ƙasa da mashaya, bayan duwatsu. Mutum ba zai yi wankinsa ba don yara na wasa?”

“Kowace shekara ranar tsere kike wanki?”

“Kaya ne ke yin datti,” in ji ta. Ta ɗauki wuƙarta. “Kashe haka nan, batir ɗin mutane ne.”

Na kashe, na fita zaure na jingina da bango na yi kuka mai isata. Tausayinta ya kama ni har cikin ƙashi, mace tana tsugune bayan dutse tana dirzar tsumma, 'yarta ta nutse a gabanta, ba halin ta yi ihu. Amma haushin bai tafi ba. Tausayin da haushin suka zauna mini wuri ɗaya, kuma har yau suna nan tare.

Na kai kaset gindin darbejiya. Aka kunna, mazan nan suka kasa kunne. Da aka zo wajen fashewar gora wani ya ce a mayar baya a sake, aka sake. Da ya ƙare, sakatare ya juya biro ya ce, “Labari kam ya yi daɗi. Amma ba suna, Malama. Wa za mu rubuta a bango? Wata?”

Na ce, “Duk wanda ke zaune a nan ya san uwa ba ta faɗin sunan 'yar fari. Ta faɗi sunan kowa ta tsallake ɗaya. Wace shaida kuke nema da ta wuce wannan?”

Shugaba ya gyaɗa kai ya ce, “Gaskiyarki. Ni ma ɗan fari ne. Har tawa uwar ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba.” Na ga idonsa ya kawo ruwa, na ce a raina shi ke nan, an gama. Sai ya share fuska da hannun riga ya ce, “Amma mun mai da mutane da yawa a kan dokar nan, wasu har yau ba sa amsa gaisuwata. In muka karya miki, gobe duk za su dawo. Ba za a rubuta ba. Sai dai ranar buɗewa a sa kaset ɗin a lasifika, mata su ji daɗi.”

Mata su ji daɗi. Na ɗauki jakata na tafi ba sallama, ban kuma sake zama a kujerar nan ba.

Ran Juma'a aka buɗe ɗakin, bayan an sauko daga masallaci. Baƙi suka zo daga Kano cikin motoci masu ƙyalli, aka kafa rumfa, masu kalangu na ta cashewa, tsofaffin 'yan kokawa sun sha layu suna ta taƙama da tumbi. An kewaye wani gefe da zana don mata su zauna su ji ba a gan su ba. Na je ne kawai don kada a ce na yi fushi, duk da fushin nake. Na ɗauka mu kaɗan ne za mu zauna a bayan zanar, sai na tarar ba masaka tsinke. Ashe masu tallar kifi sun baza labari cewa za a ji muryar Inna a lasifika. Matan unguwarmu sun zo, na ƙauyuka ma sun zo, kowacce da dalilin da ta ba mijinta, wata dubiya, wata barka. Na ga ta Utai ta lulluɓe har ido. Na ga ta Achika, ta kau da kai. Inna ba ta zo ba, ta ce kifi ba ya jira.

Sai da aka gama jawabai, maza sun fara miƙewa neman abinci, sannan aka sa kaset. Lasifika ta yi ƙara, ta yi shuu, sai ga muryar Inna ta cika fili, ta fi mai ita girma. Bayan zana aka yi tsit. Duk wadda aka kira sunanta sai ta rufe fuska, na kusa da ita suna zungurinta, ana dariya ƙasa-ƙasa. Da aka zo wajen da gora ya fashe dariyar ta ɗauke, na ji wata tsohuwa a bayana tana salati kamar yanzu abin ke faruwa. Sai na ji muryata, siririya, tana cewa, Inna, wace ce? Inna ta ce, wata ce.

Kafin muryata ta sake fitowa, ta Utai, mai suruki mai gemu, ta yaye lulluɓi ta ƙwala sunan Yaya da iyakar ƙarfinta. Wata ta karɓa daga can ƙarshe, wata daga nan, sai wurin ya ɗauka gaba ɗaya. Suna kiran sunan yanka, suna kiran wanda suke kiranta da shi a ruwa, wanda ni ban ma taɓa ji ba. Aka rangaɗa guɗa. Wasu na kuka, wasu na dariya, ta Indabo da ba ta taɓa iya ruwa ba ta fi kowa ɗaga murya. Maza suka waiwayo, wasu sun ɗauka maciji ne ya shiga cikin mata. Mai lasifika ya ruɗe, ya cire kaset ya sa kiɗan 'yan dambe.

Rakodar tana ba da magana ne a lokacin, ba ɗauka take ba, don haka ko kalma ɗaya ba ta shiga kaset ba. Da na tare sakatare a bakin rumfa, sai ya ce shi hayaniya kawai ya ji, kuma ihu daga bayan zana ba shaida ba ne. Matan kuwa sun riga sun ja mayafansu sun watse, kowacce na sauri ta koma kafin a neme ta. Ba a rubuta sunan Yaya a bangon nan ba, ba a ran nan ba, ba daga baya ba.

Daga filin gidanmu na wuce. La'asar ta yi sanyi, Inna ta sauke kaskon ƙarshe, tana tace sauran mai a cikin kwalba. Ita kaɗai ce a tsakar gida. Na gaishe ta na zauna a kan turmi.

Ta ce, “An tashi?”

Na ce, “An tashi.”

“An ji ni ina ta surutu kamar mai talla.”

“An ji. Ba su rubuta ba, Inna.”

Ta ce, “To.”

Na ce, “Amma matan sun faɗa. Da kika ce wata ce, sai suka faɗi sunan, gaba ɗayansu, har maza suka tsorata.”

Ta ci gaba da tatar manta, a hankali, kada ya zube. Can ta ce, “Me suka ce?”

“Sunan, Inna.”

“Na ji. Cewa na yi me suka ce.”

Sai na gane abin da take nema. Ni kaina ban taɓa kiran sunan nan ba, Yaya nake cewa, kuma tun ranar da aka fita da ita ba wanda ya ƙara ambatarsa a gidan. Na dubi ƙofar zaure kada wani ya shigo, na matso kusa da ita, na faɗa a hankali.

Inna ta ajiye kwalbar. Ba ta dube ni ba. Ta ce, “Motocin nan sun cika ƙara, ban ji ba. Ƙara faɗa.”

Babu abin da ke wucewa a titi. Na ƙara faɗa.